Ƙasar Lambun Inna

Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya. Yaya Inna da ƙafa? Yaya matarka da nauyin jiki? Ni lafiyata ƙalau, sai abinci da ba ya shiga kwana biyu, amma kada ka gaya wa Inna.

Ka san aikinmu a ɗakin gwaji, muna neman tsayayyar hanyar auna wani sinadari a cikin ƙasa, fakiloret sunansa. Ana samunsa a nakiyar fasa dutse, kuma in ya yi yawa a ruwa ko ganye yana kawo maƙoƙo. Shugabarmu ta ce a samo ƙasa mai tsabta da za a riƙa kwatanta sauran da ita. Ni da rawar kai na ce ai ina da wadda ta fi kowace tsabta. Na kwance ƙullin ƙasar lambun nan da Inna ta cusa mini a jaka ranar da zan taho.

Yaya, na'ura ta nuna sinadarin jingim a ciki. Na wanke kwalabe na sake, haka. Shugabar ta gwada da hannunta, sannan ta cire tabarau ta ce, "Ana fasa dutse kusa da gidanku?" Na tuna ƙarar da ke kaɗa mana kwanuka kullum da azahar.

Wataƙila hanyar tamu ce ba ta gama daidaita ba, haka nake roƙon Allah. Amma don Allah ku dakata da ruwan rijiyar lambu, musamman mai ciki.

Kuma ka duba mini wuyan Inna. A hoton da ka turo, me ya sa ta naɗe shi da gyale har haɓa?

Allah ya tsare mini ku.

Ƙanwarka