Kalifar birki a sama na ɗaura ta, surukina ya yi rantsuwa

Assalamu alaikum ya Ustaz. Don Allah ka ba ni mafita, domin maganar nan ta dame ni, kuma wanda nake da ita da shi ba mutumin da zan iya ɗaga ido in kalla ba ne. Surukina ne, kuma a gidansa nake zaune.

Ni mai walda ne. Da can a garin Madani ina da warsha tawa, wato shagon aikina, da ƙofata da makullina. Yaƙi ya taso mu muka dawo Gadarif, gidan mahaifin matata Batoul. Tsohon ya karɓe mu hannu bibbiyu, ban taɓa jin gori a bakinsa ba, wannan kam shaida ce tsakanina da Allah. Amma ya Ustaz, magidanci ya zauna a gidan suruki, ko butar da zai yi alwala ba tasa ba, kai ma ka san ba daɗi.

Batoul ungozoma ce. Matan leburorin gonakin Gadambaliya ita suke kira, kuma haihuwa ba ta san damina ba. Ka san ƙasar can in ta sha ruwa, baƙar laka ce mai kama ƙafa, ko tarakta sai ta yi da gaske. Bara an kira ta, motar da ta ɗauke ta ta kafe a hanya, ta ƙarasa a ƙafa bayan an riga an haihu. Ta dawo tana kuka duk da uwa da jariri sun tsira. Shi ne na ce sai na ƙera mata abin hawa. Na samu injin raksha, wato keke mai ƙafa uku, na haɗa firam da fayif, na sa manyan tayoyi, ga ta nan ƙarama mara nauyi, tana bi ta kan laka abinta. Hannuna ne ya yi ta tun daga ƙasa har sama.

Rigimar a kan kalifa ce, ƙarfen nan da ke cafke faifan birki in an taka. Ni a can ƙolin faifan na ɗaura ta, daidai tsakiya. Dalilina a fili yake: duk abin da ke ƙasa laka za ta cika shi, ta bushe, ta cinye takalmin birki. Surukina ya tsufa yana tuƙin lori. Ya zagaya motar, ya taka birkin, sai ya shiga ciki ya faɗa wa Batoul cewa wurin kalifa a bayan faifai yake, kuma ya rantse da Allah 'yarsa ba za ta hau ba muddin kalifar tana wurin nan. Ni ma ta bakin Batoul na mayar masa cewa lorinsa kwalta ta sani, ba lakar Gadambaliya ba. Ban san yadda ta gyara maganar kafin ta isar ba.

Birkin yana kamawa. Ana ɗan taka shi sau biyu kafin ya yi tauri, amma wannan ba komai ba ne, ƙafa sabawa take yi.

Wallahi ba zan sauke ta ba. Na bar gida, na bar warsha, na bar unguwar da ake kirana usta, wato gwanin sana'a. Abu ɗaya da na tsara da kaina a garin nan, shi ma sai an nuna mini inda zan sa ƙusa? Ga hadari ya fara haɗuwa, ga mata masu tsohon ciki a can, ga mota a tsaye a tsakar gida kaji na kwana a ƙarƙashinta. Ka gaya mini yadda zan sa tsohon nan ya janye ba tare da na yi masa rashin kunya ba.

Mai walda daga Madani

Wa alaikumus salam, usta. Na kira ka da sunan domin ka cancance shi. Mutumin da ya ga hawayen matarsa ya tashi ya ƙera mata mota ba a raina hannunsa.

Maganarka ta laka gaskiya ce, kada ka sauke kalifar ƙasa. Amma wurin da ka fi saurin wucewa a wasiƙarka shi ne ya tsayar da ni. Birkin da sai an taka sau biyu iska ce a cikinsa. 'Yar ƙusar da ake kwancewa a fitar da iska an yi ta ne ta zama ita ce a sama da komai. Da ka kwantar da kalifar a ƙoli, ƙusar ta koma gefe, iskar ta samu wurin maƙalewa a samanta. Ko man birki nawa ka zuba ba za ta fita ba. Wannan ne ƙafar surukinka ta ji. A gangaren kwari, da Batoul da jakarta a gefenka, ba lallai ka samu lokacin taku na biyu ba.

Ga abin yi. Ka gusa da kalifar baya, ta zauna a bayan faifan amma sama da tsakiyar taya, inda laka ba ta cika kaiwa ba. Ka tabbata ƙusar iska tana kallon sama a kowane ɓangare, domin in aka musanya ta hagu da ta dama ƙusar ƙasa take komawa. In har yanzu da laushi, ka kwance kalifar, ka sa ɗan katako tsakanin takalman, ka riƙe ta ƙusar tana sama a fitar da iskar, sannan ka mayar. Ka murɗa sitiyari iyaka hagu da dama ka ga tiyon bai miƙe ba, bai goga taya ba. Ka kuma yi mata 'yar garkuwa ta ƙarfe, wannan aikinka ne.

Sai batun tsohon. Kada ka nemi ya janye, dattijo ne kuma ya ambaci sunan Allah. Rantsuwarsa a kan wurin nan take. In kalifar ta gusa, ta warware da kanta, ba wanda ya ji kunya. Na fahimci zafin zama a gidan wani, amma shi ba gidansa yake nuna maka ba, 'yarsa yake ji wa tsoro, kuma kai ma ita kake yi wa. Ka kuma sauke wa Batoul wannan aiken, ta gaji da tace maganganunku.

Fitar da iska aikin mutum biyu ne, ɗaya yana taka birki, ɗaya yana kwance ƙusa. Ka je da kanka, ka durƙusa ka gaishe shi, ka roƙe shi ya zauna a kujerar direba ya taka maka. Lokacin da birkin ya tsaya cak ƙarƙashin ƙafarsa, shi da bakinsa zai ce Batoul ta hau.

Allah ya tsare hanyarku, ya sauki matan Gadambaliya lafiya, ya kuma mayar maka da warsha taka.