Kun Kwashe Gidajen Tsutsar Barkiya, Kuka Ce Mu Ne

Zuwa ga Farfesa, jagoran masu binciken ƙwari da suka sauka a Barkiya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ni ce malamar makarantar nan ta Kurfi da ta yi muku tafinta shekara uku da suka wuce. Na karanta rahotonku kaf, har ƙananan rubutun ƙasan shafi. Ina taya ka murnar gano sabbin nau'o'i uku na ƙwaron siliki, mai fukafukan nan da tsutsarsa ke saƙa gida a jikin tsamiya. Amma ina da magana.

Na ɗaya. Ranar da kuka zo, duk iri ɗaya kuke ganinsu. Mahaifiyata, wadda ta tsufa tana dafa gidajen nan da toka tana kaɗa zaren aikin wuyan riga, ita ta baje muku su a tabarma. Ta nuna muku na Barkiya fari mai laushi, na ƙauyen Kuki jaja-jaja mai kaushi, na bakin madatsar ruwan Zobe kuwa sai an dafa sau biyu yake bin mazari. Da hannu take rarrabewa, don idonta ya yi rauni. Kuka kai ɗakin gwaji, na'ura ta ce haka ne. A rahoton an faɗi sunan na'urar har da ƙasar da aka ƙera ta. Inna ko layi ɗaya ba ta samu ba. Wannan na haɗiye.

Na biyu, shi ya sa ni ɗaukar biro. Masu kaɗi suna da ƙa'ida: ba a cire gida sai ƙwarin sun fasa sun tashi, don su ne irin baɗi. Ku kuma masu rai kuke so. Inna ta yarda ku ɗauki ɗaya a kowace bishiya, kai da kanka ka dafa ƙirji ka ce ba za a wuce haka ba. Muna shiga gida sallar azahar mutanenka suka cika buhuna. Damina biyu ke nan babu gida ko ɗaya a tsamiyoyin bayan gari.

Na uku. Duk da haka rahotonku ya ce na Barkiya yana gab da ƙarewa saboda tsinkar da matan ƙauye ke yi! Haba Farfesa! Da wannan takarda wani jami'i ya zo wurin mai unguwa ya hana taɓa tsamiya. Matan da ke taruwa kaɗi a tsakar gidanmu na Barkiya sun daina zuwa. Suna cewa Inna ce ta sayar wa baƙi gidajen tsutsar. Ba ita ba ce. Ni na kawo ku, ni na ce mata masu ilimi ba sa saɓa alkawari.

Ga abin da nake nema. Ku gyara rahoton a inda kuka buga shi. In da sauran masu rai a ɗakin gwajinku, ku maido su bishiyarsu kafin ruwa ya sauka. Sannan ka zo Barkiya, ka tsaya gaban matan nan ka faɗi wanda ya cika buhunan. Ba wasiƙa ba, ba wakili ba. Kuma ka hanzarta, Inna ta tsufa, ba na so ta bar duniya maƙwabtanta ba sa gaishe ta.

Allah Ya ƙara maka ilimi, Ya haɗa maka da kunya.

Wassalam.

Malama Hadiza, Kurfi.