Waɗanda Ba Su Mutuwa Ba Su Gaisuwa

Ƙofar Guga, Yuli 1999

Zuwa ga Sada, sanyin idona, ruwan randata a tsakiyar bazara, inuwar bedin ƙofar gidanmu! Ina kwana? Ina gajiya? Ya mutanen Ƙofar Sauri? Ka gani, na gaishe ka, kuma harshena bai guntule ba.

Ka tuna ranar da ka fara nuna mani littattafan zanen nan naka a shagon Dabo? Ƙattin da wai ba su mutuwa, gemu har cibiya, tsaye kan gajimare suna cewa "Saurara, ya kai mai gajeren kwana!" Ka kumbura murya kana kwaikwayonsu, na yi dariya har da ƙwalla. Ashe kwaikwayon zai bi ka har zauren Baba!

Haba Sada! Mutum na kwance sati uku da kumburin ƙafa, ka shigo ka tsaya ƙiƙam kamar turke, ba durƙuso, ba "ya jiki", sai "Na zo da alkawarin da zai fi duwatsu daɗewa." Wa ya tambaye ka duwatsu? Ina bayan ƙofa, na so ƙasa ta tsage in shige. Na san tsoro ne ya sa ka ari bakinsu, amma ka rasa bakin aro sai na marasa tarbiyya?

Wace irin magana ce ta dodannin takardar nan? Kowace jimla tsawa, kowace kalma rantsuwa da rana da wata. Ba sannu, ba don Allah. Ba su tambayar kwanan kowa, don ba su taɓa kwanciya da tsoron kada gari ya waye babu su ba. Shekara dubu a duniya, ba su koyi abin da ɗan yaye ya iya ba! Bana ko sojoji sun koma bariki, an daina daka mana tsawa a rediyo. Kai za ka gaje su?

Baba ya ce ba zai ba da ɗiyarsa ga wanda bai iya gaida mara lafiya ba. Da ƙyar innata Hajara ta roƙar maka damar sake zuwa Juma'ar nan bayan masallaci, kuma daga ita babu wata.

Wallahi ina sonka, son da ya hana ni cin tuwo. Amma ka riƙe "har abada" ɗinka. Ni mai mutuwa ce, Baba ma haka, kai ma haka. Ka cire takalmi, ka durƙusa, ka tambayi ƙafarsa, sannan ka yi shiru ka saurari amsar komai tsawonta.

Taka ce ni, iya kwanakin da Allah Ya ɗibar mani,
Nafisa