Hanyar Gidanku Ta Shige Ruwa

Ya hasken idona, gawona mai inuwa a tsakiyar rani, ruwan randata mai sanyi, direban da ba zan ƙara hawa bayan babur ɗinsa ba,

Na ɓoye wannan takarda a ƙarƙashin murfin langar tuwo, don Inna da gwaggonninka sun kafa sansani a gefen gadonka na asibiti. A gabansu me zan ce maka in ban da sannu da jiki?

Ka tuna da muka baro Bagauda za mu Riruwai? Ni dajin Falgore nake tsoro, na yi ta lissafa maka namun dawa kana dariya, iska na kaɗa gyalena. Ashe ba zaki ne zai ci mu ba, ƙaunar gida ce. Muna wuce Bebeji ka saki titi, wai sai ka nuna mini inda aka binne cibiyarka. Ka fi kowa sanin madatsar Tiga ta cinye ƙauyenku, kai ka kwashe su Inna a mota. Kanka ya sani, hannuwanka ne ba su ji labari ba. Daga wata tsohuwar tsamiya suka karya kwana, suka bi gangara yadda suka saba, sai ga hanya ta shige ruwa!

Ni na faɗa taɓo. Kai ka tafi da babur, babbar rigarka ta naɗe a ƙafarsa, ruwa ya rufe a kanka shiru kamar ba a taɓa yin ka ba. Wayyo, sanyin zuciyata! Ina littattafan da na karanta a jami'a? Ina bakin nan nawa da ba ya rasa baƙar magana? Tun aurenmu ban taɓa kama sunanka ba, sai Malam, sai Maigida in ina son tsokana. Ran nan na tsaya cikin laka ba ɗankwali, na kwarara shi har masunta suka juyo da kwalekwale. Da ban faɗe shi ba, da Ɗanmaraya, tsohon maƙwabcinku da ke cikin masuntan, bai san ɗan wa zai yi nutso ya yanke wa riga ba.

Alhamdulillahi! Karayar ƙafa kuwa ai kyauta ce. Jiya na ji kana minshari, na rantse ko kukan kanari bai kai shi daɗi ba.

Babur ɗin kada ka sa a ciro shi. Ɗanmaraya ya ce yana kwance daidai ƙofar gidanku na da, shi dai ya isa gida. Kai kuwa ka warke ka dawo, gidanka yana inda nake, kan tudu.

Na riga na zubar da kunyata a gaban masunta, bari in ƙarasa a rubuce. Isyaku. Isyaku, ina son ka.

Taka har ranar da tsamiyar nan za ta taka ta bar wurinta,
Furera