Abin da Ba Ka Saka a Jakarka Ba

Zuwa ga ɗana Halilu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da abokan tafiyarka, ina gargaɗinka tun daga farko: kada ka rufe wannan wasiƙar kafin ka kai ƙarshenta. Kwana biyu ke nan ina kiranka ba ka ɗauka, alhali ƙanwarka Ruƙayya ta nuna mini kana ta saka hotuna a shafinka daga garin Abha, can kudancin Saudiyya. Wato wayar tana hannunka, kuma akwai sabis. Tunda a nan kake kula mutane, a nan zan same ka. Na san 'yan uwa da maƙwabta za su karanta, kuma da gangan na yi hakan. Ka daure ka bi Hausar a hankali. Na san Larabci ya fi maka sauƙi, amma ba zan yi maka faɗa da harshen da ban ƙware a kai ba.

Kwana huɗu ka yi kana haɗa jakar tafiyar nan a tsakiyar falo, har Abbanku ya rasa inda zai miƙe ƙafa idan ya dawo daga aikin tuƙi a Dir'iyya, nan gefen Riyad. Ka ɗauke mini sikelin kicin kana auna kaya ɗaya bayan ɗaya, ka ce mai hawan dutse duk abin da ya ɗauka a ƙasa sai ya ji shi a gwiwarsa a sama. Babban gilashin kyamarar nan sau uku kana cire shi kana mayarwa. Batura ka cusa su a cikin safa, ka ce sanyi yana shanye su, don haka idan kun hau za ka sa su a aljihun ciki su riƙa jin ɗumin jikinka. Ka zuba 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi a kowane lungu na jakar saboda kada hazo ya shiga gilashi. Ka ɗaure sandar kyamara mai ƙafa uku a gefe. Har shagunan unguwar Murabba ka je neman safar hannu wadda yatsu biyu suke buɗewa, don ka iya danna kyamara ba tare da ka cire ta ba.

Na yi maka dambun nama, ka ɗora shi a sikeli ka rage rabi. Na kawo maka farwar Abbanku, alkyabbar sanyin nan mai gashi a ciki, ka ɗaga ta kana dariya, ka ce, “Yumma, ai wannan bargo ne aka yi wa hannu.” Ban yi musu ba, don na taɓa rigar sanyin da ka saya na ji kaurinta. Gaskiya ina kallonka ina jin daɗi. Ban taɓa ganin ka natsu a kan wani abu haka ba, kuma na san kamfanin hoton da kake wa aiki ba su zaɓe ka don kyan fuska ba.

A cikin kwanakin nan ne ka yi mini bayanin dutsen Sauda da ke kusa da Abha. Ka ce mutum yana tsaye a kansa gajimare yana ƙarƙashin ƙafarsa, kuma abin da kuke nema shi ne ku ɗauke shi daidai lokacin da rana take fitowa. Sannan ka ce iskar can sama ba ta ƙosar da mutum, taku goma sai ya ji kamar gudu ya yi. Na tambaye ka ko ka je wurin likita, ka ce, “An gama komai, Yumma, shi ke nan.” Na karɓi maganarka saboda ban saba jin ƙarya daga bakinka ba.

Ranar da ka tafi, da hantsi, na shiga gyara ɗakinka na tarar da kwafin takardar da ka cike wa kamfani a kan tebur. Turancin da na koya a sakandare bai gudu ba tukuna. Akwai wurin da aka tambaya ko kana da wani ciwo na zuciya, ko na numfashi, ko na jini. Ka sa alama a kan “babu”. Na jawo durowa, ga katinka na asibiti, ga kwalin maganinka ko taɓa shi ba ka yi ba. Ka tuna da batir, ka tuna da gilashi, ka yi wa kowanne tanadin sanyi da danshi, amma jinin da zai ɗauke ka ya kai ka saman dutsen ka bar shi babu tanadi.

Kana da sikila, Halilu. Ga shi na rubuta. Kafin tafiyar nan taka, shekara ashirin da uku ban taɓa faɗar wannan kalma a wajen gida ba sai a gaban likita.

Kana da shekara tara ciwon ya kayar da kai mafi tsanani, a wani lokacin sanyi, kana riƙe da ƙafarka kana cizon filo. Likitan ya ce naka yana da sauƙi a kan na wasu, amma ya lissafa mini abubuwan da za a tsare ka daga gare su: sanyi mai tsanani, ƙishirwa, da wurin da iska ta yi ƙaranci. Yanzu ka duba inda kake, ka gaya mini wanne ne babu a cikinsu.

A wannan kwanciyar ce maƙwabciyarmu 'yar Maraɗi ta zo dubiya da kunu a filas. Ta tambayi abin da ke damunka, na ce zazzaɓi ne ya yi ƙarfi. Kana kwance da ƙarin ruwa a hannu kana kallona. Da aka sallame mu, a cikin mota na juyo na ce maka, “Maganar jininka ba ta wuce ƙofar gidanmu.” Na maimaita maka ita da za ka shiga babbar makaranta, na kuma maimaita da ka samu aikin nan. Ina da dalilaina a lokacin. Mu baƙi ne a ƙasar nan, da iƙama, takardar izinin zama, muke zaune, kuma na ga yadda kafili, ubangidan da ya tsaya wa baƙo, yake sauya fuska idan ya ji ma'aikaci yana da ciwon da zai riƙa kai shi asibiti. Na kuma san yadda mutanenmu suke, yau ka gaya wa mutum ɗaya a Riyad, gobe an sani a Kano, kuma ranar da ka je neman aure za a tuna.

Abin da ka rubuta a takardar nan ƙarya ne, kuma ba zan canza masa suna ba. Amma ni na koya maka, kuma biyayya ka yi mini. Na yi istigfari a kan rabona, kai ma ka yi a kan naka. Waccan dokar kuwa na janye ta.

Lambar shugaban tafiyarku tana ƙasan takardar, na kira shi. Da Larabcina na kasuwa na yi masa bayani, inda ya gagara Ruƙayya ta karɓa. Mutumin ya yi mini godiya har sau biyu, ya ce ba za ka hau sama ba sai likita ya duba ka a cikin gari. Bayan awa ɗaya saƙonka ya shigo, layi ɗaya tak: “Kin kunyata ni a gaban mutane.” Daga nan ban sake jin ka ba.

To ka ji da kyau: ban yi nadamar kiran nan ba, kuma da za a mayar da ranar da zan sake yi. Ka yi tunanin ciwon ya taso maka a can sama. Mutanen nan za su ɗauka gajiyar hawa ce, su ba ka ruwa da dabino, su ce ka zauna ka huta, su koma kan kyamarorinsu. Ba mugunta ba ce, ba su sani ba ne. Lokacin da ya kamata a ce ana gudu da kai asibiti zai wuce suna jiran ka warware. Da wani abu ya same ka, da ka bar su da nauyin da ba su ɗauka da saninsu ba har ƙarshen rayuwarsu. Wanda zai yi tafiya da kai yana da haƙƙin ya san wa ya ɗauko.

Ban ce ka dawo gida ba, kuma ban ce ka bar hoto ba. Hoton da ka yi wa Abbanku yana alwala a gefen motarsa, da tsofaffin katangun Dir'iyya a bayansa, har yanzu shi ne a fuskar wayata. Idan likita ya ce ka hau, ka hau da bismilla, ka sha ruwa ko ba ka jin ƙishi, ka rufe ƙirjinka, kuma da ka ji ƙashi ya fara yi maka magana ka buɗe baki ka faɗa. Idan ya ce a'a, ka tsaya inda ya tsayar da kai ka ɗauki abin da ke gabanka. Idan kuma kamfanin suka ga ba za su iya riƙe mai sikila ba, su suka yi asarar ma'aikaci, kuma ba su ke raba arziki ba. Abbanku ma haka ya ce, ko da yake shi ya fi ni tausasa murya.

Ruƙayya ta nuna mini hotunan da ka saka jiya, birai a bakin titi, da wani ƙauye da hazo ya rufe rabinsa. Sun yi kyau. Amma na duba su ɗaya bayan ɗaya babu kai a ciki. Ba ka sani ba, tun kana jariri kowace safiya sai na kalli farin idonka in ga ko ya yi rawaya. Lokacin da nake ce maka ka tsaya in gyara maka wuyan riga, idon nake dubawa. Yau kwana uku ban gan shi ba. Ko ba za ka yi mini magana ba, ka fita cikin hasken rana ka juya kyamarar nan ta kalle ka, ka buɗe ido sosai, ka turo mini. Fushin kuma ka riƙe kayanka har ka dawo, na iya da shi.

Allah Ya tsare mini kai a ƙasan dutsen da samansa. Allah Ya sa jininka ya gudana lafiya, Ya ba likitan da zai duba ka basira, Ya saka wa shugaban tafiyarku da alheri. Allah Ya yi maka albarka, Ya dawo da kai gabana da ƙafafunka.

Mahaifiyarka,
daga Nasiriya, Riyad.

Saura magana ɗaya, kuma ta shafe ka, ta shafi Ruƙayya, ta shafi Abbanku da hawan jininsa, ta shafe ni. Daga yau, a gidan nan, babu wanda zai ɗauki jaka ya fita tafiya sai mutum ɗaya cikin abokan tafiyarsa ya san ciwon da yake ɗauke da shi da abin da za a yi idan ya taso, kuma sai na ji muryar wannan mutumin da kunnena kafin a buɗe ƙofa.