Motar Marigayi da Zamansa a Ƙofar Gida

Malam, don Allah ka taimake ni, ba ni da wanda zan faɗa wa wannan. Maigidana ya rasu ya bar mota mai injin turbo. Yara duk sun watse, gidan ya yi mini faɗi. Kullum da safe nakan tayar da ita a gareji, in zauna a kujerarsa ina jin ƙarar, sannan in kashe. Ko titi ba ta leƙawa. Yanzu tana shuɗin hayaƙi, tana wani fito idan na ba ta wuta. Babban ɗana ya ce a sayar. Ni kuwa idan ta tafi, gidan zai yi tsit.

Ga abin da ya fi cina. Shekara da shekaru, idan ya dawo aiki ba ya kashe motar nan take. Sai ya zauna a ciki, ina leƙensa ta labule, abinci na hucewa. Ban taɓa tambayarsa ba, amma na sa a raina shigowa wurina ce ba ya ɗoki. Har ya rasu da wannan a zuciyata.

Mai leƙe ta labule

Hajiya, Allah ya jiƙansa. Ɗanki bai yi laifi ba, ajiyar tana cin motar. Tayarwa a kashe ba ta barin baƙin mai ya yi zafi, sai danshi da fetur su gurɓata shi, alhali da man nan turbo, na’urar da ke ƙara wa inji ƙarfi, ke rayuwa. Shuɗin hayaƙi baƙin mai ne ke ƙonewa. Ki kai wa bakanike ya duba turbon da tiyoyinsa, ya yi juyen baƙin mai. Daga nan, ko ki sayar wa mai hawa, ko ki riƙa fita da ita duk mako. Ni na fi son na biyun: ki ziyarci ’yan’uwa, ke ma zaman garejin ya ishe ki.

Batun zaman ƙofar gida kuwa, ban san zuciyar marigayi ba, amma na san injin. Masu lura ba sa kashe turbo da zafinsa, don kada mai ya ƙone a ciki. Sai sun jira ya huce. Ina kyautata zaton abin da kika gani ke nan ta labule. Allah ya sanyaya miki zuciya, Hajiya. Idan kin dawo daga ziyarar, ke ma ki ɗan zauna kafin ki kashe.