Sarauniya Mai Shuɗin Ɗigo a Akwatin Hasumiyarku

Zuwa ga Mai Girma Mudirin Kamfanin Wayar Hannu, Reshen Gadarif.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka, musamman muhandis, wato injiniyan nan naku, da aka kai asibiti ranar Lahadi. Na ji idonsa na hagu ya buɗe, alhamdu lillahi. Allah Ya buɗe na daman.

Sunana Ustaz Abdurrahim Yaƙub. Shekara talatin da ɗaya ina koyar da kimiyyar fiziya a sakandare kafin na ajiye alli. Gidana ne na ƙarshe a unguwarmu ta hanyar Simsim, katanga ɗaya tsakanina da filin da kuka kafa hasumiyarku. Sau uku na rubuto maka wasiƙa a rufe, ba a amsa ko ɗaya ba. Takarda ta farko da kamfaninku ya taɓa aiko mini ita ce ta shekaranjiya, wadda ke sanar da ni cewa ƙudan zumana sun mamaye kadarar kamfani, kuma ranar Alhamis da safe za a fesa musu guba. Na gode da amsa. Wannan karon na bar wasiƙar a buɗe don roƙo ɗaya: kada a fesa. Ga dalilaina.

Na ɗaya. Zumar ba tawa ba ce, ta 'yata Ihsan ce. Ta karanci aikin gona, ta dawo gida ta jera amya tara na katako a bayan gida, ƙarƙashin dakwarar da kakanta ya shuka. Zazzaɓin kalazar ya ɗauke ta bara, ƙarshen damina, tana da shekara ashirin da shida. Mun yi haƙuri da hukuncin Allah. Wata biyu kafin ta kwanta, ta sa ni riƙe mata saƙar zuma, ta tsoma tsinken tsintsiya a ragowar shuɗin fentin ƙofarmu, ta ɗiga wa sarauniyar amya ta tara a gadon baya, don ta riƙa gane ta. Wannan sarauniya tana da rai. Ina da dalili mai ƙarfi na cewa ita ce a cikin akwatin gindin hasumiyarku da kuke shirin fesawa.

Na biyu. Abin da na rubuto maka a wasiƙun da ba a amsa ba shi ne wannan. Damina biyu ke nan da kafa hasumiyar. Kafin ta, idan riɗi ya yi fure, daga tsakar gida ake jin kukan amya kamar injin niƙa mai nisa. Bayan ta, masu fita kiwo suka riƙa fita da yawa suna komowa kaɗan. Ban ga gawa a ƙofar amya ba, ban ga tururuwa ba, ban ga cuta ba. Fita kawai suke yi, ba su dawowa. Ihsan ta fara rubuta wannan a daftarinta, ni na ci gaba daga layin da ta tsaya. Tara suka zama shida, shida suka zama uku, uku suka zama ɗaya.

Ba na so a ce Ustaz ya tsufa ya fara ɗora wa ƙarfe laifin ƙaddara. Na san jiragen da ke fesa wa manyan gonakin dawa magani ba su tambayar ƙudan zuma ko ya gama kiwo. Na san masu gawayi sun cinye dajin da ke gabas da mu. Na san ruwan bara ya yi gardama. Duk na rubuta su, kowanne da shafinsa. Amma na shekara talatin ina gaya wa yara cewa iska cike take da igiyoyin da ido ba ya gani, kuma ba abin mamaki ba ne idan halitta ƙarama da ke gane hanyar gida ta wasu alamu da mu ba mu ji, ta rikice a kusa da abin da ke watsa igiyoyin nan dare da rana. Ban ce haka ne ba. Cewa na yi a bincika. Da wannan tambaya na je maktabinku, na shiga ofis, wani matashi mai kirki ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya tambaye ni ko na gwada kashe wayata in sake kunnawa.

Na uku. Da na ga ba mai bincikawa, na bincika da kaina, kuma amanar ilimi ta wajabta mini in faɗi sakamakon ko da bai yi mini daɗi ba. Gwaji na farko, na sa wayata a ƙarƙashin murfin amya, na ari ta maƙwabcina Hajji Musa na yi ta kira don in ga ko za su rikice. Ba su rikice ba. Ni ne na rikice da na je ɗaukowa. Kwana uku wayar tana hannunsu, suka liƙe ta da kaki ta ko'ina, ba su bar ko hudar magana ba. A kwana na ukun ƙanena ya iso daga Basunda a bayan lori, ido jajur, don ya yi ta kira ba a ɗauka, kuma gidan da aka yi rashi ba a yi masa kyakkyawan zato.

Gwaji na biyu, na lulluɓe amya ɗaya da ragar waya, domin ƙarfe yana tare igiyoyin, kamar yadda kowane ɗalibina na aji biyu ya sani, ko ya kamata ya sani. Unguwa ta fassara abin da nata ilimin. Mata suka ce tsarin kambun baka ne. Shugaban lajna, wato kwamitin unguwa, ya zo da kansa ya tambaye ni, cikin ladabi, ko na'urar tana magana da ƙasashen waje. Liman ya zo bayan la'asar ya zauna ya yi mini nasiha mai tsawo kan haƙuri da rashi, idonsa na kan ragar. Na ba shi shayi, na gode masa. Amyar kuma ta watse kamar sauran, sai dai na gano daga baya cewa idon ragar ya yi wa masu ɗauke da kaya ƙanƙanta. Wannan kuskurena ne, kuma na rubuta shi da jan biro.

Na huɗu, kuma shi ne mafi nauyi a bakina. Kwana goma sha ɗaya da suka wuce, da hantsi, amya ta tara ta yi ɓarin taro. Rabin jama'arta suka tashi kamar hayaƙi, suka tsallake katangata, suka wuce dakwara, suka wuce darbejiyar Hajji Musa, suka shige tsohon akwatin ƙarfen da ke gindin hasumiyarku, wanda muhandisanku suka kwashe kayan cikinsa tun bara. Sayyid Mudir, ka duba matsayina. Na yi shekara biyu ina gaya wa gari cewa hasumiya tana korar zuma, sai zumar ta kwashe kayanta ta tare a gindinta, a gaban shaidu. Hajji Musa kuwa tun daga ranar yake gaishe ni da wata irin tausasawa da ta fi dariya ciwo.

Bayani biyu nake da shi. Na farko na fiziya ne: igiyoyin hasumiya nesa suke nufa, ba gindinta ba, kuma cikin akwatin ƙarfe rufaffe shi ne wurin da suka fi ƙarancin shiga a duk unguwar. Idan haka ne, to zumar ba ta ƙaryata ni ba, ta dai fi ni iya zaɓen raga.

Na biyun na samo shi da hancina, ranar da na je leƙawa ta shingen filinku. Kakanninmu da suka taso daga yamma da ƙafa, da niyyar hajji, suka yada zango a wannan baƙar laka, sun zo da wata dabara da har yau tsofaffinmu ke yi. Ba a kamo zuma, gayyato ta ake yi. A samu amya wofi mai ƙaramar ƙofa, a turara cikinta da itace mai ƙamshi kwana da kwanaki, a ajiye a inuwa, a jira. To gafir ɗinku, mai gadi Ammu Jibrin, mutumin kirki ne mai son jabana, wato gahawa. Da ya ga akwati wofi, sai ya mayar da shi ma'ajiyar kayan kofinsa. Nan yake ajiye sukari, nan yake ajiye kaskon turaren bahur, kuma da yake iska tana kashe masa garwashi, a cikin akwatin yake kunna turaren kowace safiya ya tura ƙofa. Ga hudar da wayoyi suka bari, daidai shigar ƙuda. Shekara guda bawan Allah nan yana turara amya da sandal, abin da kakana bai taɓa samun halin yi wa tasa ba. Ba mamaya aka yi muku ba, Sayyid Mudir. Ma'aikacinku ne ya aika goron gayyata, baƙi suka amsa. Ina roƙon kada a hukunta shi, don ya riga ya rasa sukarinsa da finjalai shida.

Na biyar. Game da muhandis, ina baƙin ciki ƙwarai. Sai dai takardarku ta ce an kai masa hari ba tare da dalili ba, ni kuma ina tsaye a kan katangata na gani. Ya zo da tsakar rana, ya zura sandar ƙarfe ta hudar, ya juya ta kamar mai tuƙa asida. Na ɗaga murya na ce ya tsaya cak, ya rufe fuska. Shi kuma ya zaɓi ya hau hasumiya. Na fahimci hikimarsa, domin da kare ne da ta yi aiki.

Na shida. Takardarku ta ce idan ina da'awar mallaka, in kawo shaida a rubuce, da hatimi da damga, wato tambarin haraji, kafin Alhamis. Na gwada. Ofishin dabbobi suka ce zuma ba dabba ba ce, tunda ba a yi mata allura. Ofishin gona suka ce ba shuka ba ce. Ofishin daji suka ce tasu ce idan tana kan bishiya, amma tunda ta shiga ƙarfe ta fita daga hurumin su. Na koma wurin shugaban lajna, ya ce a shirye yake ya buga hatimi idan na kawo shaidu biyu adilai, masu salla a jam'i, da za su rantse sun san waɗannan ƙudaje da fuska. Na lura kuma, cikin girmamawa, cewa takarda ɗaya ce ta ce zumar tawa ce don in ɗauki laifinta, ta kuma ce ba tawa ba ce sai na kawo hujja. Ko a lissafi ban taɓa cin karo da irin wannan ba.

Hujjata tana cikin akwatin. Duk mai kiwon zuma ya san idan amya ta rabu, tsohuwar sarauniya ce ke fita da masu fita, ta bar wa sabuwa gida. Na buɗe amya ta tara washegari, na duba saƙa ɗaya bayan ɗaya, sau biyu, da tabarau. Mai ɗigon ba ta nan. A buɗe akwatin a hankali, za a ga ƙuda ɗaya da ta fi sauran tsawo, da shuɗi a bayanta irin na ƙofar gidana. Wanda ya yi shakka ya zo ya gwada da ƙofar. Sarauniya ba ta wuce 'yan shekaru, na sani. Ba na neman ta dawwama. Ina neman ta ƙarasa kwanakinta a inda aka ɗiga mata fentin.

Saboda haka ina roƙon abubuwa kamar haka. A dakatar da feshin ranar Alhamis. Halitta ce da addininmu ya hana kashewa, kuma duk takardunku da bismilla suke farawa. A ba Ammu Jibrin izini ya buɗe mini shinge ranar Laraba, tsakanin la'asar da magariba, lokacin da masu kiwo suka komo. Zan zo da amya wofi da na riga na fara turarawa, da hayaƙi, da mayafi. Ba na bukatar ma'aikaci ko ɗaya, kuma ina ba da shawarar kada muhandis ya halarta. Bayan haka, idan kamfani ya ga dama, a turo wanda ya san aikin ya auna ƙarfin igiyoyin a bayan gidana, ya karanta daftarin Ihsan. Idan ya nuna mini na yi kuskure, zan rubuta haka a buɗe kamar yadda na rubuta wannan, don na saba gyara a gaban aji.

Idan Laraba ta wuce ba a buɗe ba, ba zan tsallake shinge ba, ban taɓa karya doka ba. Masu feshi za su same ni ranar Alhamis a kan kujera a bakin ƙofar, da jallabiya mai guga, zan kuma karanta musu wannan wasiƙa daga farko, da bayanin fiziyar. Tsofaffin ɗalibaina za su shaida cewa ba a fita kafin in gama.

Abu na ƙarshe ba na ofis ba ne. Mahaifiyar Ihsan ba ta zuwa bayan gida tun bara, ƙafarta ba ta kai ta. Amma kowace safiya, idan ta miƙo mini shayi, takan tambaye ni ko mai ɗigon tana nan. Kwana goma sha ɗaya ke nan ina ce mata tana nan kusa. Ban yi mata ƙarya ba, taku arba'in ne, na auna. Ranar Juma'a ma za ta tambaya, kuma ban taɓa yi mata ƙarya ba a shekara talatin da huɗu.

Allah Ya yi maka jagora a aikinka, Ya ƙara wa shabakarku ta sadarwa ƙarfi a inda ake bukatarta, Ya ba muhandis lafiya, Ya raya maka 'ya'yanka, su ne za su binne ka ba kai za ka binne su ba.

Wassalam.

Ustaz Abdurrahim Yaƙub,
gida na ƙarshe, hanyar Simsim, Gadarif.